Fentin Bilyamin da Allunan Kulliya

A rumfar mai shayi da ke daura da ƙofar kulliya aka ƙulla cinikin, da hantsi. Ustaz Nuraddeen, mai kula da hidimar ɗalibai, yana zaune da kofin jabana, gahawar garin, a hannu. Almu dillali kuwa yana tsaye, ya je bakin rumfa ya dawo, ya ɗauki kofinsa ya ajiye bai kurɓa ba.

"Haj Almu, zauna mana," in ji Ustaz. "Kana sa ni jiri."

"Ƙafafun ne ba su son zama. Faɗi, kunnena na wurinka."

Kulliyar ƙarama ce, a gefen Hasahisa cikin yankin Jazira ta Sudan, bakin tur'ar da ke kai ruwa gonaki. Aikin jinya ake koyarwa da lissafin kasuwanci. Yaƙi ya bi ta kanta kamar yadda ya bi ta kan kowa. Da mutane suka dawo ba ƙofa ba taga, ko allon da ke nuna ina ne bayan gida ba a bari ba. Yanzu an gyara abin da ya gyaru, ɗalibai za su dawo farkon wata.

"Shugaba yana son komi iri ɗaya," in ji Ustaz. "Allon kafteriya, na ɗakin shan magani, na ɗakin karatu, na wurin ruwan sha, na masaukin 'yan mata. Launi ɗaya, tambari ɗaya, rubutu ɗaya. Har rigar masu dafa abinci da takardar da za a manna a bango. Uban da ya kawo ɗiyarsa ya duba ya ga wurin na da mai shi. In ɗaya ya bambanta da ɗan uwansa, magana ta tashi."

"Wannan ba wuya. Ɗiyata Hanaa abin da ta karanta ke nan a Khartum kafin a watse. Kuɗin kaya naku ne. Ladan aiki fa?"

"Ai ka san halin da ake ciki."

"Na sani, shi ya sa ban ce kuɗi ba." Almu ya nuna da haɓa. A jikin katangar kulliya, kusa da ƙofa, akwai wani ɗan ɗaki da aka sa wa sabon ƙyaure. "Wancan ɗakin. Ɗalibai ba su rabuwa da buga takarda da ɗaukar kwafi. Ku ba yarinyar ta buɗe shago."

Ustaz ya yi dariya. "Mutum uku sun riga ka tambaya. Ɗaya surukin shugaba ne."

"Surukin shugaba ya iya zana tambari?"

Ustaz ya juya kofinsa, ya dubi ɗakin, ya dubi Almu. "Ranar Asabar ta ƙarshen wata a rataye komi. In ya yi yadda na ce, mabuɗi nata ne. In bai yi ba, kada ka zo mini da dattawa."

Suka ɗaga hannu suka karanta Fatiha. Almu ya shanye jabanarsa da ta huce a tsaye, ya wuce.

Almu ya ga duniya. Ya yi dillancin dawa a Gadarif, ya yi na tsofaffin injinan ban ruwa a Sinja, har kwale-kwale ya taɓa sayar wa mutumin da bai taɓa shiga ruwa ba. Amma wannan cinikin ba don riba ya yi shi ba. 'Ya'yansa maza sun watse, ɗaya yana Libiya, ɗaya yana ramin zinariya a arewa. Hanaa ce auta, ita kaɗai ta rage a gida, ita ma jakarta a ɗaure take. Rayan, 'yar ƙanwar uwarta, ta samo mata aiki a wata maɗaba'a a Bur Sudan, kullum sai ta aiko da saƙon murya tana cewa mai shago ba zai yi ta jira ba. Almu ya san hanyar Bur Sudan. Daga can teku ne, kuma wanda ya ga teku ba ya waiwayar Jazira.

Da ya kai mata labari Hanaa ba ta yi tsalle ba. Ta ɗauko kwamfutarta da ta tsira da ita a cikin buhun gero, ta kai shagon mai caji da hasken rana ta cika ta, ta zauna gindin darbejiya tana aiki. Ta zana ƙullin auduga fari, da layi uku na ruwa a ƙarƙashinsa, a kan shuɗi mai duhu. Ba ta ƙara komi ba.

"Shi ke nan?" in ji Almu.

"Shi ke nan, Yaba. Wannan shi ne galib." Hausarta a cakuɗe take da Larabci, kamar ta duk sa'o'inta. "Kamar akwatin masu buga jan bulo a bakin kogi. Akwati ɗaya, bulo dubu. Suna kawai nake canjawa, kafteriya, maktaba, kaza. In na gama in tura birnin Madani, su bugo a roba mai manne, mu liƙa a kan alluna. Alluna kawai za ka nemo mini, na kwano, masu santsi."

"Alluna kawai."

"Masu santsi, Yaba. Ba komi a kansu."

A nan ne abin ya fara karkacewa, don tun a hanyar dawowa daga rumfar shayi Almu ya riga ya aika saƙo Rusairis.

Lokacin da aka gudu, sun yi ta ja daga ƙauye zuwa ƙauye har suka faɗa Rusairis, gidan Bilyamin mai fentin lori, abokin Almu tun suna samari. Bilyamin ya kwashe shimfiɗarsa ya bar wa Barakatu matar Almu da Hanaa ɗakinsa, shi da Almu suka koma kwana a rumfar aiki cikin gwangwanayen fenti. Ya ci da su damina da rani, bai taɓa tambayar yaushe za su tafi ba. Ran da za su dawo Almu ya riƙe hannunsa a tasha ya ce duk aikin da ya fara shigowa hannunsa, tare za su ci. A wajenmu irin wannan magana ba a mantawa da ita, kuma ba a tuna wa mutum. Shi ya sa da aka shafa Fatiha ya danna waya ya ce, "Mai fenti, aikin alluna ya samu. Taso."

Bilyamin ya taso. A saman lorin gawayi ya iso, baƙi ƙirin, da jakar burushi a rataye da kwalin ƙananan gwangwanaye a ka. Barakatu ta yanka zakara. Aka share masa zaure.

"Tsohon ɓarawo," ya ce wa Almu, "ka yi ƙiba. Gidana ne bai karɓe ka ba?"

"Warin fentinka ne ya hana ni cin abinci. Wa ya bar ka ka hau lori da wannan tsufa?"

"Direban ɗana ne. Ni na zana masa zaki a bayan motar tun ubansa na da rai."

Bayan sun ci sun sha Almu ya kira Hanaa ta kawo kwamfuta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe zanen. Bilyamin ya matso da fuska, ya ja baya, ya kanne ido ɗaya.

"Masha Allah. Auta ta iya fitar da ƙashi," ya ce. "Ga ƙashi nan tsaf. To ki bar wa Baffanki ya sa nama."

Hanaa ta dubi ubanta. Abin da ya rage kalma ɗaya ce, a ce masa wannan ba somin zane ba ne, zanen ke nan. Almu ya buɗe baki. Ya ga hannun Bilyamin a kan tabarma, faratan da fenti ya rine har abada, ya tuna hannun nan yana miƙa masa rabin gurasa. Baƙo ne, yau ya sauka, ko ruwan wankansa bai bushe ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Ai shi ya sa aka kira ka."

Hanaa ta rufe kwamfuta ta tashi. Ita ma ba ta iya faɗa masa ba. Mutumin da ya bar maka ɗakinsa ba ka gyara masa magana a gaban ubanka.

Washegari Bilyamin ya kama aiki a tsakar gida. Ya yanka kwano, ya buga katako, ya lanƙwashe bakin kowane allo ciki don kada ya yanki hannu. Ya shafa shuɗi, shuɗin kuwa ya yi daidai da na Hanaa kamar da ido ɗaya suka gani. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Amma sai ya buɗe ƙananan gwangwanaye. A allon kafteriya ya zana kifi yana kwance a faranti yana murmushi. A na wurin ruwa ya sa balbela biyu da ƙafa a tur'a. Na masaukin 'yan mata ya sha tantabaru da furanni. Ƙullin audugar Hanaa ya yi ganye, ya yi reshe, a wani allon har rana ta fito a bayansa. Ba allon da ya yi kama da ɗan uwansa, don Bilyamin bai taɓa yi wa lori biyu ado iri ɗaya ba, a wurinsu wannan cin fuskar direba ne. Yana aiki yana waƙa. Tun da aka fara yaƙi ba wanda ya kawo masa mota, ya ce, mutane sun koma ɓoye motocinsu ba ƙawata su ba. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna sa albarka.

Almu ya kasa zama a gidan. Ya tafi kasuwa ba abin saye, ya dawo, ya tsaya bayan Bilyamin ya ce "Tamam, tamam," ya sake fita. Ya je bakin tur'a ya ga ɗan ɗakin nan da sabon ƙyaurensa, ya ga surukin shugaba yana auna tagar da taƙi. Ya dawo da sauri kamar an kore shi.

Hanaa ta tare shi a bayan madafa.

"Yaba, in aka rataye waɗannan, halas. Ustaz ba zai ko sauko daga mota ba."

"Rage murya."

"Ka faɗa masa, ko in faɗa wa Rayan ina zuwa. Ba fushi nake ba. Amma ba zan zauna ina kallon darbejiya har in tsufa ba."

Barakatu tana tuƙa asida, ba ta ɗago ba. "Malam, ka ja shi bakin kogi ku biyu ka faɗa masa. Zai zage ka ya huce. Yau kuka fara zagin juna?"

"Ke ba ki san maza ba. Mutum ya hau gawayi tun daga Rusairis, in ce masa aikinsa bai yi ba? A gidana? Yana cin tuwona?"

"To kai ka ci nasa ai."

"Shi ya sa."

Ya zaga madafa ya dawo. Dillali ne, a rayuwarsa bai taɓa yarda cewa dole ɗaya ya fita ciniki hannu wofi ba. Kullum akwai hanyar da mai saye da mai sayarwa za su tafi kowa yana jin shi ya ci. Ya tsaya cak.

"Auta, robar nan taki, tana rufe abin da ke ƙasa?"

"Tana rufewa. Amma..."

"To ki tura Madani su bugo. Shi ya gama fentinsa, mu yi masa godiya, in sa shi a mota. In ya tafi ki liƙa a kai. Rusairis ina, Hasahisa ina. Shi ya yi aiki, ke kin yi aiki, Ustaz ya ga shuɗinsa."

Barakatu ta buga muciya a bakin tukunya da ƙarfin da ya wuce na tuƙi.

Aka tura Madani. Robar ta iso a naɗe, aka tura ta ƙarƙashin gadon Hanaa. Rigunan masu dafa abinci ma tela ya kawo, shuɗi da farin ƙulli a aljihu, aka ɓoye su a akwati. Saura baƙo ya tafi.

Baƙo bai tafi ba. Ya gama allo na ƙarshe, ya jera su a jikin katanga, ya wanke burushi, ya miƙe ƙafa a zaure.

"Akwai lori gobe da safe," in ji Almu. "Na yi magana da direba, gidan gaba zai sa ka. Iyali na can su kaɗai."

"Korata kake?"

"Wa ya isa? Tunanin iyali nake."

"Iyali sun gaji da ganina. Ba inda za ni sai na ga an rataye su. Lori in na gama shi tafiya yake, ban sake ganinsa sai ya tsufa. Wannan karo aikina zai tsaya wuri ɗaya, masu ilimi suna wucewa ta ƙarƙashinsa. Zan tsaya a ƙofa in ɗauki hoto in kai wa jikokina."

Almu ya kawo zancen ruwan sama da zai iya yanke hanya. Bilyamin ya ce ya saba. Ya kawo zancen wani mai tirela a Dinder da ke neman mai fenti. Bilyamin ya ce ya jira. Ana cikin haka Ustaz Nuraddeen ya biyo unguwar don ya ga inda aka kai. Almu ya hango motarsa daga nesa, ya fita ba takalmi ya tare shi a bakin lungu, ya ce mata na wanka a tsakar gida, ya nuna masa zanen a waya, ya raka motar da hira har titi. Da ya dawo ƙafarsa ta ƙone da rairayi, bai ji ba sai da ya zauna. Bai daɗe a zaune ba ma.

Asabar ta zo. Allah ya taimaki Almu, ko ya ga kamar an taimake shi, aka yi haihuwa a wani ƙauyen Hausawa da ke cikin gonaki, gidan wani da suka yi zaman Gadarif tare, suna ya faɗo ranar. Ya ce wa Bilyamin rataya sai Lahadi, Ustaz ya ɗaga. Ya ɗauki hayar raksha, babur mai ƙafa uku, ya sa shi a ciki tun da sassafe. Suna fita Hanaa da uwarta suka shimfiɗa alluna a tsakar gida. Ta ɗauko robar, ta tsaya a kan balbelun nan ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɓare takardar baya ta fara liƙawa daga sama, tana bi da tsumma.

A wurin suna Almu bai ci abin kirki ba. Aka kawo agashe, tsiren can, mai zafi da albasa, ya ɗauki yanka ɗaya ya riƙe har ya huce. Ya fita bayan gida ya duba waya, ya dawo, ya sake fita. Bilyamin kuwa ya baje, yana ba dattawa labarin kulliyar da ya yi wa ado, yana kwatanta kifin da hannu. Wani tsoho ya ce shi kam sai ya je ya gani. Almu ya ce hanya ba kyau.

Da la'asar saƙo ya shigo daga Hanaa: an rataye, Ustaz yana zagayawa.

Ya so su kwana a ƙauyen. Bilyamin ya ce gobe aiki, dole a kwana kusa da alluna. Suka hau raksha. Hanyar gida biyu ce, ta kasuwa da ta bakin tur'a. Almu ya ce a bi ta kasuwa. Mai raksha ya ce an saki ruwa a gonaki ya ci hanyar, sai ta bakin tur'a. Almu ya ce zai ƙara masa. Mai raksha ya ce ko nawa ne ba zai sa ƙafarsa uku a laka ba.

"Bi ta kulliya, ɗana," in ji Bilyamin. "In ga bangon da za a rataya."

Almu ya dubi gonakin dawa suna wucewa. Har yanzu akwai lokaci. Tsakanin nan da ƙofar kulliya mutum zai iya faɗin magana mai tsawo. Ya gyara murya. Bilyamin ya juyo yana jira. Almu ya ce, "Dawar bana ta yi kyau."

Rana ta yi ƙasa lokacin da suka iso. Daga ƙofa ana hango su a jere, shuɗi da fari, shuɗi da fari, har ƙarshen fili. Kafteriya, ɗakin shan magani, wurin ruwa. Mata biyu masu dafa abinci sun sa sababbin riguna suna ɗaukar juna hoto. Wurin da ya yi kama da kango ya koma kamar wurin da ke da mai shi, yadda Ustaz ya ce.

Bilyamin ya sauko a hankali. "An ba wani aikin ke nan," ya ce. "Almu, an yi maka ƙafa."

Almu ya sauko ya tsaya a jikin raksha.

Bilyamin ya taka zuwa allon wurin ruwa. Ya kai hannu bakinsa, ya ji lanƙwasar kwanon da ba mai yin ta sai shi. Ya ja baya. Hasken yamma yana dukan allon daga gefe, fentinsa kuwa mai kauri ne, don na lori ne da aka yi don ya jure rana da ƙura. A ƙarƙashin shuɗin robar, in ka karkata kai, ga wuyan balbela nan ya ɗan taso, ga ƙafarta. Ya bi wuyan da ɗan yatsa tun daga baki har ƙirji.

Sai ga Ustaz Nuraddeen ya fito daga ofis da fara'a, Hanaa na bayansa. Bai san baƙon ba.

"Haj Almu, ka cika magana. Shugaba ya zagaya, bai sami abin cewa ba. Akwai ɗan tudu-tudu a wasu, amma sai wanda ya sa ido. Wallahi da na ji tsoro, na ce dattijon nan zai kawo mini irin adon bayan lori, zaki da dabino." Ya yi dariya, ya zaro mabuɗi daga aljihu ya miƙa wa Hanaa. "Mabruk, ya Ustaza. Gobe ki fara share ɗakinki."

Hanaa ta karɓa da hannu biyu, idonta a ƙasa. Ustaz ya gaisa da kowa ya shiga motarsa.

Suka rage su uku. Masu dafa abinci sun lura, sun shige ciki.

"Baffa," in ji Hanaa, "ni na liƙa."

"Na gani, Auta. Hannunki ya miƙe. Je ki ga ɗakinki."

Ta tafi tana waiwaye. Bilyamin ya juyo ga abokinsa. Bai ɗaga murya ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka sauka daga gawayi. Iri ɗaya suke so, ba ado. In ba haka ba yarinyar ta rasa ɗakin, ta tafi Bur Sudan."

"Shi ne ka bar ni ina waƙa a tsakar gida."

"Baƙona ne kai. Da wane baki..."

"Da bakin da kake zagina da shi. Almu, a rumfa ɗaya muka kwana, na san munsharinka ka san nawa. Ka ɗauka ban iya jan miƙaƙƙen layi ba? Lambar mota nawa na rubuta a rayuwata, duk iri ɗaya, ba fure ba tsuntsu? Da ka ce mini shuɗi da fari, kada ka ƙara, da na ce ɗiyarka ba ta san kyau ba, na ce kai jaki ne, sannan na yi. Don Auta ta zauna kusa da uwarta, da burushi ɗaya zan yi shi. Har liƙin ma da na riƙe mata gefe."

"Na so kowa ya fita da nasa."

"Na sani. Ciniki ka yi da ni." Ya goge yatsansa a riga ko da yake ba abin da ya taɓa shi. "Dattawan can na ƙauye, in sun zo ganin kifi, kai za ka nuna musu."

Ya kwana a zaure, don dare ya yi wa tafiya. Da safe ya ɗaure burushinsa. Barakatu ta kawo guzuri, ya karɓa ya yi mata godiya mai tsawo, ya sa wa Hanaa albarka. Almu ya sa takalmi ya kai hannu zai ɗauki jakar.

"Bari," in ji Bilyamin. "Na san hanyar tasha."

A wajenmu baƙo yana iya ƙin abinci a ce ciki ne, yana iya ƙin kyauta a ce kunya ce. In ya ƙi rakiya kowa ya san abin da ya ce. Almu ya tsaya a bakin zaure da takalmi a ƙafa har mutumin ya sha kwana. Gwangwanayen ƙananan launuka ya bar su a jikin katanga, ja da rawaya da kore, ba wanda ya san abin da za a yi da su.

Ɗalibai sun dawo. Shagon Hanaa ya kama, daga safe har yamma injin kwafi ba ya hutawa in akwai wuta. Duk sanarwar da kulliya za ta fitar, ta buɗe galib ɗinta ta canja suna ta buga, kafin mai kawowa ya gama shan ruwa. Ta kwance jakarta, Rayan ta ba wata aikin. Almu yakan zo da hantsi ya tsaya a rumfar mai shayi, ya aika saƙon murya Rusairis, ya ga alamar an saurara, amsa ba ta zuwa. Sai ya zaga fili ya dawo. Da yamma ba ya bi ta gaban wurin ruwa.

In ana lissafin wa ya ci wa ya faɗi: kulliya ta ci, ta sami shuɗinta iri ɗaya a kan allunan da ba su yankar hannu. Ustaz ya ci, shugaba ya yaba masa. Hanaa ta ci ɗaki, Barakatu ta ci ɗiya a gida. Surukin shugaba ya rasa ɗakin da dama bai san abin da zai yi da shi ba. Bilyamin ya rasa kifinsa da balbelunsa da hoton da zai kai wa jikoki. Almu kuwa, wanda ya shirya cinikin don kada kowa ya faɗi, ya sami abin da ya fita nema, ɗiyarsa tana nan yana jin ƙarar injinta daga rumfar shayi. Abin da ya bayar shi ne gida ɗaya a Rusairis da in duniya ta sake rikicewa zai iya shiga ba sallama.